Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Haddace Jawabin Mai Girma

Jama'a, ku taya ni jaje. Jiya na yi sammako na kai babur ɗina layin mai a bakin Sharada, na tsaya tun inuwata tana da tsawo har ta dawo ta ɓuya a ƙarƙashin takalmina. Saura mutum biyu a zo kaina sai ga jiniya. Baƙaƙen motoci suka shigo ta ƙofar fita, aka cika musu tanki, aka cika jarkoki, sannan mai ba da man ya rataye tiyo ya ce mana sai wani jiƙon. Da na tambaya aka ce motocin rakiyar Mai Girma Babban Mai Almakashi ne, za su je su ɗauko shi ya buɗe wata na'ura. Na ce to madalla, ai gara ni in tura babur da a ce almakashi ya makara. Ina ƙasa za ta ci gaba in ba a yanka ƙyalle?

Na kama turi. Ba na ma ɗokin isa gida, don na san abin da ke jirana. Zaituna, matar maƙwabcina Uwaisu, ta samo wani kaset da babu waƙa a ciki, babu wa'azi, sai wata ƙara kamar ana yanka kwano da zarto a cikin kunnenka. Kullum ta baza shanyar gero sai ta kunna shi a rikoda. Kajina da ke tsallaka katanga su watse kamar sun ga shaho, ni kuma barcin rana ya gagare ni. Na taɓa kai ƙara wajen mijinta, ya ce in ɗaure kajina. Ban sake tayar da zancen ba, don gaskiyarsa ce.

Ina cikin turin nan, daidai ƙofar wani kamfanin roba da ke yin buta da bokiti, sai na ji ana ƙwala mini kira, "Malam Ado! Malam Ado!" Ina waiwayawa sai ga Uwaisu cikin sababbin kayan aiki, har da hular kwano da ban taɓa ganin sa da ita ba.

"Jingine babur ɗin nan ka shigo," in ji shi. "Masu tafi ake nema. Akwai lemo da burodi."

Ni da ko koko ban sha ba, ai ba sai an maimaita ba. Na shiga.

Bari in gaya muku wane ne Uwaisu. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Gumel. Ya yi dako a Bompai, ya yi gadi a Challawa, har Allah ya ɗora shi a kan wannan na'ura, shi ke kunna ta, shi ke kula da ita. Aikin nan shi ne tuwon gidansa, shi ne kuma tuwon tsohuwarsa a ƙauye. Kun kuwa san zamanin da muke ciki na tsuke bakin aljihu: a kamfani ko tari ka cika yi sai a ce an rage ma'aikata, ga masu neman gurbinka a tsugune a bakin ƙofa tun asuba.

Na'urar kuwa ma'aikata Gwaggo suke ce mata, wai don in ta tashi daga barci ba ta amsa gaisuwa da wuri. Tun daminar bara take zubo butoci, butar bayan gidana ma 'yarta ce. Amma a hukumance ba a buɗe ta ba, saboda haka duk wanda ya yi alwala da butarta a shekarar nan ya sani, da butar da ba a ƙera ba tukuna ya yi. Jiya da safe Manaja ya sa aka kashe ta, aka ɗaura mata koren ƙyalle, don Mai Girma ya zo ya kunna. An kafa rumfuna, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an cike ramukan titi daga kwana zuwa ƙofar kamfani, daidai inda tayar Mai Girma za ta taka. Wanda ya tsara aikin nan gwani ne, ko taku ɗaya kwalta ba ta wuce ƙofa ba.

Muka zauna jira. Lemo ya yi zafi, burodi ya ƙare, maroƙa suka gaji suka kishingiɗa a kan gangunansu. Na lallaɓa wajen injiniyan kamfanin, wani saurayi mai suna Falalu, yana ta zagaya Gwaggo yana duba agogo.

Na ce, "Samari, wai me ya sa ba ta tashi da wuri? Na ga injin niƙa da an murɗa hannu ya kama."

Ya buɗe wani akwati a gefenta, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, bai kai kwalin ashana ba. "Baba, wannan ita ce ƙwaƙwalwarta. Ita ke cewa a narka roba, a matse, a buɗe, a tofo buta. Amma da an ɗauke wuta ta manta komai, ko sunan buta ba ta sani ba."

"Kamar wanda ya ci zaɓe," na ce.

Ya yi kamar bai ji ba. Yaran yanzu akwai tsoron kora.

"Wurin ajiya biyu gare ta," ya ci gaba. "Wannan babban kamar allo yake. A kansa ake rubuta karatun aikin gaba ɗaya, daga shi take karantawa tana aiki. Wuta na ɗaukewa allon ya wanke tas. Wannan ƙaramin kuma hadda ce da aka dasa mata tun daga inda aka ƙera ta, ba ta gogewa ko shekara ta yi a kashe. Sai dai haddar 'yar kaɗan ce, babu zancen buta a cikinta. Abin da ta sani kawai shi ne yadda ake tashi."

"To yaya ake tashin?"

"Da wuta ta shigo, ƙwaƙwalwar ba ta zuwa ko'ina sai farkon haddar nan, kullum wuri ɗaya. Haddar ta ce mata, duba allonki, ko'ina yana kama rubutu? In yana kamawa, kunna kaset, ki saurari sallama." Ya nuna mini wata 'yar rikoda da ke manne a jikin na'urar. "Karatun aikin yana cikin kaset, an mayar da shi ƙara. Akwai wani dogon sauti a farko, shi muke ce wa sallama. Da ta ji shi sai ta fara kwafe abin da ya biyo baya a kan allo, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gurbinsa, tana tafe tana tara lissafinsu. A ƙarshe akwai jimlar da masu ƙirar suka sa. In lissafinta ya yi daidai da jimlar, sai haddar ta ce na gama nawa, ta tura ta layin farko na allo, koriyar fitila ta kama, aiki ya fara. In kuwa bai yi daidai ba, jar fitila ce, ko gezau ba za ta yi ba."

Na ce, "Wato ba ta karɓar magana sai ta auna ta?"

"Ko ɗigo ɗaya ne ya ɓata ba ta karɓa."

"Allah ya tsare ta da aikin ofis, ba za ta yi mako ba."

Na tambaye shi me ya hana a dasa mata karatun duka a hadda kowa ya huta. Ya ce wurin hadda ƙarami ne ga tsada, kuma in masu ƙirar suka gano kuskure, kaset kawai za su aiko, ba sai an kwance na'ura ba. Na ce to kaset nawa gare ku? Ya ce a kwangila biyu ne. Na ce a hannu fa? Sai ya kama kallon rufin kwano. Ɗayan dai ya bi hanyar da rabin taki da rabin maganin asibiti suke bi, Allah ya kai shi lafiya.

Sai da la'asar ta kawo jiki jiniya ta dawo. Mai Girma ya fito, babbar riga ta sha aiki tun daga wuya har gwiwa, maroƙa a gaba, almakashi na biye a kan faranti. Muka yi tafin da aka ba mu burodi dominsa. A cikin 'yan rakiya akwai wani ɗan ƙwalisa mai safari, rataye da rikoda, wanda ni na naɗa Sarkin Rawar Kai. Na gan shi ya buɗe rikodarsa, ya laluba aljihu, ya zagi direba. Na gan shi ya zagaya bayan Gwaggo, jim kaɗan ya dawo yana murmushi. Ban kawo komai a raina ba. Uwaisu da Falalu kuwa an jera su can a layin gaisuwa, sun ba na'urar baya.

Aka shiga jawabi. Ba sai na gaya muku ba, kun fi ni haddace shi. Kafin ƙarshen shekara kowane gida zai samu famfo, don butocin nan su samu abin ɗauka. Kafin ƙarshen shekara wuta ba za ta ƙara ƙiftawa ba. Layin mai kuwa ya riga ya zama tarihi. A nan na yi tafi har hannuna ya yi ja, don daga inda nake zaune ina hango babur ɗina a jingine.

Aka yanka ƙyalle. Uwaisu ya je duba kaset, ya ga wayam. Kafin ya buɗe baki Sarkin Rawar Kai ya zare kaset daga tasa rikodar ya miƙa masa.

"Ga abinka, ni ba na cin amana. Na saurari farkonsa, ba komai a ciki sai ƙara, lalatacce ne. Har sai da na toshe ramin bayansa da takarda kafin ya yarda ya ɗauka. Yanzu ga shi ka samu jawabin Mai Girma a kyauta."

Rashin sani ya fi dare duhu, amma ban taɓa ganin duhun da ya zo da murmushi irin wannan ba. Uwaisu ya sandare da kaset a hannu. Falalu ya dafe kai. Ga Mai Girma kuma a tsaye, ya riga ya miƙe yatsa, masu hoto sun durƙusa. Manaja ya zare wa Uwaisu ido ya ce, "Sa mana!" Ya sa.

Mai Girma ya danna maɓallin kunnawa. Aka ji dogon sautin sallama, aka ji 'yar ƙara kaɗan, sai kuma murya ta fito daga cikin na'ura: "Ya ku jama'ata, kafin ƙarshen shekara..." Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Wani maroƙi ya ce ko ƙarfen Turawa ya san ubangidansa. Mai Girma ya gyara hula yana gyaɗa kai, alamar ya gamsu da mai maganar. Gwaggo ta saurari famfo, ta saurari wuta, ana zuwa kan layin mai sai jar fitila ta kama.

"Me ke nan?" in ji Mai Girma.

Falalu ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ta ce lissafin bai fito ba."

Jama'a, na rantse muku ba dariya na yi ba. Tari ne ya sarƙe ni.

To kun san ba a taɓa samun laifi a jikin mai safari ba. Manaja ya juya ya nuna Uwaisu da yatsa. Kaset a hannun wa yake? Me ya sa ya bar shi inda hannu zai kai? Wannan zagon ƙasa ne, an shirya don a kunyata baƙo. Ya ce ya tuɓe hular kwano, daga yau ba shi ba kamfanin nan. Masu gadi biyu suka riƙe shi. Falalu ya ce wani kaset sai daga ƙasar da aka ƙera na'urar, sai an nemi lasisin shigo da kaya, kuma kafin lasisi ya fito jaririn da aka haifa yau ya yi haƙori. Ma'ana duk 'yan sashen buta su ma sun tafi hutun dole.

Uwaisu bai yi gardama ba. Ya cire hular ya rungume ta a ƙirji, ya ce, "Yallaɓai, tsohuwata..." Wallahi ya ba ni tausayi. Shekara da shekaru katanga ɗaya muke rabawa, kullum ƙarar kekensa ce ke tashina sallar asuba, ban taɓa jin ya makara ba. Ga shi yau za a raba shi da abincinsa saboda wani ya manto kaset a gida. Raina ya ɓaci har na manta da rigimar kaji.

Kajin ne kuma suka dawo mini a rai. 'Yar ƙarar nan da na ji kafin muryar Mai Girma, ai na san ta farin sani, ita ce ke hana ni barci kullum. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Uwaisu, tsakaninka da Allah, kaset ɗin Zaituna daga ina ya fito?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe wata Juma'a ya tafi da kaset ɗin Gwaggo gida, don iyalinsa ta ji irin karatun da na'urar ke sha in ta tashi. Ana kunnawa kajina suka yi sama. Zaituna ta ce wannan ai magani ne, ba zai bar gidan ba sai an kwafa mata. Ya kai wa mai kaset na bakin tasha, aka juya mata a wani.

"Malam Ado, ka rufa mini asiri," in ji shi. "Fita da kayan kamfani ma laifin kora ne."

Na ce, "An riga an kore ka, sau biyu ake yi?"

Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, akwai irin wannan kaset a unguwarmu." Kowa ya juyo. Manaja ya buɗe baki zai tambayi yadda aka yi, ya dubi fuskar Mai Girma, ya rufe. Falalu ya ce in dai an juya shi da kyau, Gwaggo ba ruwanta da daga ina ya fito, lissafi kawai take dubawa.

Ku zo ku ga Ado a motar jiniya! Man da aka hana ni da rana shi ya kai ni har ƙofar gida. 'Yan layin mai suna darewa, wasu har suna ɗaga mini hannu. Ni ma na ɗaga musu, sai na ji bakina yana ƙaiƙayin yi musu alƙawari. Ashe abin a jikin kujerar yake.

Na yi sallama a zauren Uwaisu, ƙarar na tashi daga tsakar gida. Zaituna ta zo bayan ƙofa, na yi mata bayani a gurguje.

"Malam, ni fa gerona a baje yake," ta ce. "In na ba ku, kajinku fa?"

"Haba Zaituna! Aikin maigidanki na kan siraɗi, kina zancen kaji?"

Ƙarar ta tsaya, sai ga hannu ya miƙo kaset ta gefen ƙofa. "Don shi na bayar. Amma kaset a bakin kaset, a kawo mini wani, ko me ke cikinsa. Ba zan bar rikoda da ciki wayam ba."

Muka koma. Falalu ya hure dusar gero daga jikin kaset ɗin, ya sa masu gadi suka saki Uwaisu, shi ya sa kaset ɗin da hannunsa. Mai Girma ya sake dannawa. Sallama ta wuce, ƙara ta kama. Aka yi tsit, manya da ƙanana muna sauraron abin da ke korar kaji. Abin ya ɗan ja, Mai Girma ya duba agogo ya kai yatsa zai ƙara dannawa. Falalu ya yi wuf ya tare da jikinsa.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. In aka sake dannawa allon zai wanke, ta koma farko."

Na ce a raina, yaro, ka faɗi ciwon ƙasar nan kaf ba ka sani ba. Kowa ya zo sai ya danna nasa, ba a taɓa barin karatu ya kai ƙarshe.

Ƙarar ta yanke. Ina jin Uwaisu yana salati ƙasa-ƙasa. Sai koriyar fitila ta kama. Gwaggo ta ɗumama cikinta, ta yi gyaran murya, ta yi wani dogon nishi, ta tofo shuɗiyar buta mai zafi.

Mai Girma ya ɗaga butar sama, masu hoto suka yi ta walƙiya. Ya ce wannan ya nuna hangen nesan da aka yi wajen tanadar kaset na biyu. Ya yaba wa Sarkin Rawar Kai bisa saurin magance matsala. Ya ce za a kafa kwamiti ya binciki yadda na farko ya lalace, kuma Sarkin ne zai shugabance shi, tunda ya fi kowa kusa da lamarin. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Manaja kuwa ya bi ta gaban Uwaisu, ko kallon sa bai yi ba, ya ce, "Kai, mayar da hularka, kana ɓata mana hoto." Iyakar ban haƙurin ke nan, amma Uwaisu bai nemi ƙari ba. Ya kifa hular yana share ido da bayan hannu.

Kafin a watse na tuna da alƙawarin Zaituna, na roƙi Sarkin Rawar Kai kaset ɗin jawabi. Ya ce in ɗauka, ai jawabin bara ne, suna da irinsa a ofis. Uwaisu ya bar kekensa a kamfani ya taya ni turin babur har gida. Muna tafe ya ce, "Malam Ado, daga yau kajinka su ci abin da suka ga dama." Na ce kada ya yi alƙawari da geron da ba shi ya surfa ba.

Yau da rana Zaituna ta baza shanya ta kunna sabon kaset ɗinta. Ina kwance na ji "Ya ku jama'ata" ta kan katanga, sai wani barci mai daɗi ya kwashe ni, irin wanda na daɗe ban yi ba. Salatin Zaituna ne ya tashe ni. Uwargidana ta leƙa ta dawo tana riƙe da ciki don dariya. Ta ce kajina ne kaf a kan shanya, har sun gayyato na maƙwabta, zakara a gaba. Mai Girma yana ta alƙawarin famfo, su kuwa kai a ƙasa suna ta aiki.

Kada kowa ya ga laifin kajin nan. Su ma a garin nan suka tashi, sun san da an fara jawabi lokacin ci ya yi. Zaituna dai ta aiko a biya ta geronta. Na ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, kafin ƙarshen shekara.